RA'AYINMU: Magana da Baki Ake Auna Ta

Duk ɗalibin da ya sami shiga jami'a a ƙasar nan ya riga ya shafe aƙalla shekara 12 yana fama da Turanci, shida a firamare shida a sakandare, kafin kuma ya karɓi digirinsa na farko sai ya ƙara huɗu ko biyar a kai. A tsawon waɗannan shekaru an jarraba shi a rubutun insha'i, an jarraba shi a nahawu, an sha ba shi labari ya karanta ya taƙaita. Amma da za a tara ɗalibai a dandalin wannan jami'a, a ce wanda aka taɓa zaunar da shi ko da na minti 10 ya yi magana da Turanci, wani masani yana saurare yana ba shi maki, ya ɗaga hannu, babu shakka da hannuwan da za a gani a sama ba su taka kara sun karya ba. Ga mafi yawanmu, ranar da za a fara auna maganar bakinmu ita ce ranar da muka biya maƙudan kuɗi muka zauna gaban mai jarrabawar IELTS, ko kuwa gaban kwamitin ɗaukar ma'aikata. Wannan lamari ya isa a dube shi da idon basira, shi ya sa muka keɓe masa sharhinmu na wannan fitowa.

Bari mu faro abin daga tushe. Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta kasa jarrabawar Turanci ta kammala sakandare zuwa takardu uku, ta ukun kuwa ita ce aka ce ta furuci ce. A Nijeriya ana ba ɗalibi tambayoyi 60 na canki-canka ya amsa cikin minti 45, a zauren da aka hana kowa ya ce uffan. Za a tambaye shi wace kalma ce wasalinta ya yi daidai da na wance, wace gaɓa ce ake dannawa a wata kalma, wace alamar furuci ce ta dace da wani sauti. Yana iya cinye tambayoyin nan kakaf ba tare da ya taɓa furta ko ɗaya daga cikin kalmomin ba. Takwarorinsa na Gana da Gambiya da Saliyo su dai ana kunna musu murya su saurara kafin su amsa, to amma ko a can kunne aka auna, bakin ɗalibi yana nan a rufe. Wannan daidai yake da a ce za a jarraba direba, a ba shi hoton sitiyari da birki ya faɗi sunayensu, daga nan a miƙa masa lasisi.

Ba mu ce hukumar ba ta da hanzari ba. Masu zama wannan jarrabawa a Nijeriya sun haura miliyan ɗaya da rabi a kowace shekara. In aka ce kowannensu za a ba shi minti 10 kacal, lissafi ya kai awa 250,000, ga kuma neman ƙwararrun da za su saurara su yi adalci daga Sakkwato har Kalaba. Aiki ne ja. Sai dai sauƙin da hukuma ta nema wa kanta ɗalibi ne yake biyan kuɗinsa daga baya, domin sanin kowa ne abin da za a tambaya a jarrabawa shi malami yake koyarwa. Tunda ba za a saurari bakin kowa ba, sai darasin furuci ya koma kwafar alamomi daga allo. Malami ya rubuta, yara su haddace, aji mai mutum 80 ya watse ba wanda ya haɗa jumla biyar da bakinsa. Ta haka muke yaye ɗalibin da ya san sunan kowane sauti na Turanci, amma in an ce ya tashi ya gabatar da kansa sai gumi ya karyo masa.

Ba haka abin yake tun asali ba. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta yi suna wajen horar da ɗalibanta a kan magana da Turanci, kuma daga cikinta ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, mutumin da iya lafazinsa ya sa ake kiransa mai muryar zinariya. Shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, sa'ad da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta, ya yi jawabin da duniya ta saurara. Ba muna kukan komawa zamanin Turawa ba ne. Kwalejin nan 'yan tsiraru ta ɗauka, an kuwa kafa ta ne don biyan buƙatun mulkin mallaka, alhali dubban 'ya'yan talakawa ko ƙofar aji ba su gani ba. Darasin da ke ciki kawai muke so a ɗauka: waɗancan mutane sun iya magana ne saboda an sa su sun yi ta, ana saurare ana gyara musu. Da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976 makarantu suka cika suka batse, abin farin ciki ne, amma cikin abubuwan da cunkoso ya fara haɗiyewa akwai wannan sauraro na malami ga ɗalibi ɗaya ɗaya.

To, yanzu mu dubi yadda waɗanda suka ɗauki auna magana da muhimmanci suke yinsa. Jarrabawar IELTS ta fara aiki a 1989, kuma hukumomi uku ne suka mallake ta: British Council, da IDP ta Ostareliya, da sashen jarrabawa na Jami'ar Kambrij. Ɓangaren magana yana ɗaukar minti 11 zuwa 14, tsakanin ɗalibi da mai jarrabawa guda ɗaya, ana kuwa ɗaukar muryar daga farko har ƙarshe. An raba shi gida uku. A kashi na farko, minti 4 zuwa 5, za a yi maka tambayoyi a kan abin da ka saba da shi, kamar garinku da karatunka da aikinka. A na biyu za a miƙo maka kati mai ɗauke da wani batu, a ba ka minti ɗaya ka shirya, sannan ka yi magana kai kaɗai har zuwa minti 2. A na uku, wanda shi ma minti 4 zuwa 5 ne, mai jarrabawa zai ja ka zuwa tattaunawa mai zurfi a kan batun nan, ya nemi ra'ayinka da hujjarka. Mafi girman maki shi ne 9, akwai kuma rabi-rabi a tsakani.

Abin da ya fi muhimmanci ɗalibi ya sani shi ne ma'aunai huɗu ne ake dubawa, kowanne kuwa nauyinsa ɗaya da ɗan'uwansa. Na farko shi ne gudanar magana da haɗuwarta, wato ko kana iya ci gaba ba tare da yawan tsayawa neman kalma ba, da ko zancenka yana da kai da gindi. Na biyu shi ne wadatar kalmomi, har da iya kewayawa ka faɗi abu ta wata hanya idan kalmar da kake so ta ɓace maka. Na uku shi ne nahawu, ana duba ire-iren jumlolin da kake iya ginawa da kuma yawan kurakuranka. Na huɗu shi ne furuci. Waɗannan ma'aunai ba asiri ba ne, masu jarrabawar sun wallafa bayanin kowane mataki a intanet, kowa yana iya karantawa kyauta. Abin takaici ne a ga ɗalibi ya biya kuɗin jarrabawa da na darasin share fage, amma bai taɓa karanta 'yan shafukan da za a yi masa hukunci da su ba.

Kada kuwa a ɗauka wannan ƙaramin al'amari ne. Hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya tana neman maki 7 a magana ga wanda ya gabatar da sakamakon IELTS, hukumar likitocin ƙasar kuma tana neman 7.5 a jimla, ba ƙasa da 7 ba a kowane ɓangare. Jami'o'i da yawa na Ingila da Kanada da Ostareliya kowace da makin da ta gindaya. Rabin maki kan raba mutum da gurbin karatu ko tallafin da ya shekara yana nema. Kafin ƙarshen 2024 kuɗin zama jarrabawar a Nijeriya ya haura albashin wata uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 da aka ƙayyade a wannan shekarar, kuma bayan shekara 2 yawancin hukumomi ba sa karɓar sakamakon. Ɗan talakan da iyayensa suka sayar da akuya ko buhun hatsi suka haɗa masa kuɗin, in ya faɗi sau ɗaya, wataƙila shi ke nan. Saboda haka shiga wannan jarrabawa ba tare da mutum ya san matsayin bakinsa ba caca ce da gumin iyaye.

A nan ne muke so mu kau da wata gurguwar fahimta da ta yi katutu a zukatan ɗalibai, cewa sai ka maƙale murya ka yi magana ta hanci kamar haifaffen Landan sannan za ka ci. Furuci rubu'i ɗaya ne kawai na makin, kuma ko a cikinsa abin da ake nema shi ne a gane abin da kake faɗa ba tare da wahala ba. Bayanin manyan matakai ma ya yarda cewa mutum yana iya samun maki mai yawa da karin harshensa na gida, muddin bai hana a fahimce shi ba. Wanda ya ɓata wata uku yana kwaikwayon 'yan fim ɗin Amurka yakan tashi a tutar babu: bai kama na aro ba, nasa kuma ya suɓuce. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan ba ya nufin Bahaushe ba shi da gyara a bakinsa. Masana sun daɗe da nazarin abin, cikinsu har da Farfesa Munzali Jibril, wanda digirinsa na uku a Jami'ar Lankasta a 1982 a kan bambance-bambancen furucin Turancin Nijeriya ya yi shi. Wuraren da muke tuntuɓe sanannu ne, dalilinsu kuma a fili yake. Hausa ba ta raba "p" da "f" gida biyu, shi ya sa "pan" da "fan" suke rikice mana. Ba mu da "v", sai mu mai da ita "b", har "vote" ta koma kamar "boat". Sautin da ake rubutawa "th" mukan sauya shi da "s" ko "z", sai "think" ta zama "sink". Harshenmu ba ya son baƙaƙe su yi cincirindo a farkon kalma, sai ya cusa wasali a tsakani, kamar yadda ya yi ya samar mana da burodi da buroshi da sukudireba. Wannan ado ne a Hausa, amma in ya bi mu cikin Turanci yakan canja wa kalma kama. Bugu da ƙari, Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawa ko saukar muryarta, alhali Turanci yakan danna gaɓa ɗaya ya sassauta sauran, har kalma guda kamar "record" takan zama suna ko aikatau gwargwadon inda aka danna.

Muna kuma da abin da ya zame mana jari. Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere. Duk wanda ya san garin da ake zama a ciki daban yake da garin da ake tuƙa tuwo da shi, kunnensa ya riga ya shirya wa bambancin "ship" da "sheep". Abin nufi, matsalolin furucinmu 'yan ƙalilan ne, ana iya lissafa su da yatsun hannu, kuma wanda ya ware musu ɗan lokaci kullum tare da mai saurare yana iya shawo kansu. Abin da ya fi kayar da ɗalibanmu yana cikin sauran ma'aunai ukun: amsa tambaya da kalma ɗaya a yi shiru, fara jumla a rasa yadda za a ƙarasa ta, ko a nemi dalili mutum ya maimaita ra'ayinsa da ƙarfi a maimakon ya kawo hujja. Waɗannan kuwa ciwo ne na rashin sabo.

Wannan giɓi da makarantunmu suka bari shi ne ya buɗe kasuwa ga masu darasin share fage, waɗanda allunansu suka cika manyan garuruwa. Akwai nagari a cikinsu, ba mu yi musu kuɗin goro ba. To amma akwai masu sayar wa ɗalibi haddaddun amsoshi da jerin manyan kalmomi, su ce ya zuba su ko sun dace ko ba su dace ba. Mai jarrabawa an horar da shi ya gane hadda, da ya ji ta sai ya karkata tambayar, nan take rufin ya yaye. Ga ma'auni mai sauƙi na gane malamin kirki: a cikin awa guda da ka biya, minti nawa ka yi kana magana, minti nawa shi ya yi? Ya taɓa ɗaukar muryarka ya zauna da kai kuka saurara? Ya taɓa gaya maka a wane ma'auni cikin huɗun nan kake da rauni? In amsar babu ce, to kuɗinka kawai yake ci.

Mafi muni su ne masu alkawarin samo wa mutum sakamako ba tare da ya zauna ba. Ya kamata a tuna abin da ya faru a Birtaniya a 2014, lokacin da shirin Panorama na BBC ya bankaɗo yadda a wasu cibiyoyin jarrabawar TOEIC ake sa wasu su yi ɓangaren magana a madadin ɗalibai. Gwamnatin ƙasar ta soke bizar dubun-dubatar mutane, aka kori wasu, wasu kuma suka shafe shekaru a kotu suna neman wanke sunansu, domin guguwar ta haɗa har da waɗanda suka dage ba su aikata komai ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da ya rufta ba mai haƙa shi kaɗai yake binnewa ba. Kowane jabun sakamako da aka kama a hannun ɗan Nijeriya ƙarin zargi ne a kan dubban masu gaskiya da za su biyo baya.

Mun san akwai 'yan'uwa da za su ce mun bar jaki muna dukan taiki. Za su ce ainihin zaluncin shi ne a tilasta wa ɗan ƙasar da Turanci ne harshen gwamnatinta da makarantunta ya biya kuɗi don ya tabbatar ya iya Turanci. Maganarsu tana kan hanya. A jerin ƙasashen da Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya ta ɗauka a matsayin masu magana da Turanci akwai Jamaika da Barbados da Malta, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya. A 2022 wata ƙungiyar matasan Nijeriya mai suna Policy Shapers ta jagoranci koke a kan wannan, dubun-dubatar mutane suka sa hannu. Muna goyon bayan wannan fafitika, musamman a kan tsadar jarrabawar da gajeren wa'adin sakamakonta. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da wace hujja za mu ce wa baƙo ya amince da takardar shaidarmu a kan magana, alhali takardar ba ta taɓa sauraron mai ita ba? Ranar da jami'o'inmu suka fara auna magana da ma'auni tsayayye wanda kowa zai iya bincika, ranar ce kokenmu zai sami ƙafar tsayawa.

Kafin wannan rana ta zo, babu dalilin naɗe hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ake buƙata don mutum ya auna kansa yana cikin aljihun kusan kowane ɗalibi. Ku haɗu ku uku. Ɗaya ya zama mai tambaya, ɗaya mai amsawa, na uku ya riƙe agogo da takardar ma'aunai. A bi tsarin jarrabawar sak, minti ɗaya na shiri, minti 2 na magana, a ɗauki muryar da wayar hannu. Batun ya zama wanda mai amsawa bai san da shi ba sai a lokacin: kasuwar garinku, wani malami da ya yi maka tasiri, amfani da illar ƙaura daga ƙauye zuwa birni. Bayan an gama, mai amsawa ya zauna ya rubuta abin da ya faɗa kalma bayan kalma, har da inda ya yi "e'e" da inda ya koma baya. Wannan aiki yana da ɗaci, domin mutum zai ga jumlolinsa tsirara, amma babu malamin da ya kai shi. Sauran biyun kowa ya ba da makinsa a ɓoye a kan kowane ma'auni daban, sannan a kwatanta. Inda suka saɓa, a koma ga muryar a sake saurare har a daidaita.

Sharuɗɗa biyu ne za su sa wannan ya yi amfani. Na farko gaskiya: abokin da ya ba ka 8 don kada ranka ya ɓaci ya cuce ka, gara ka ji 5 a ɗakin kwanan ɗalibai da ka gan ta a takardar sakamako. Na biyu, a riƙa neman kunnen da bai saba da bakinka ba. Bahaushe yana gane Turancin Bahaushe ko da ya karkace, domin kuskurenmu iri ɗaya ne. Wannan jami'a cike take da 'yan'uwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan da maƙwabta. Ka ba wanda ba ya jin Hausa muryarka, ka roƙe shi ya nuna maka duk inda ya kasa ganewa. Waɗannan wurare su ne aikin da ke gabanka. A ajiye muryar farko, bayan mako shida a sake ɗauka a kan batu makamancinsa, a kwatanta. Gani ya kori ji, a nan kuwa ji ne zai kori zato.

Game da manhajojin waya masu cewa za su ba ka maki nan take, a yi amfani da su da hankali. Gaskiya ne na'ura ta shigo wannan fage: TOEFL, wadda aka fara a 1964, ta sanya ɓangaren magana cikin jarrabawarta ta intanet a 2005, inda ɗalibi yake magana da makirfo, kuma jarrabawar PTE da ta fito a 2009 an gina ta ne a kan kwamfuta ta ba da maki. Na'ura tana iya ƙirga saurin maganarka da yawan tsayawarka, tana iya nuna maka kalmar da ba ta gane ba. Amma makin da manhajar kyauta ta ba ka ba alkawari ba ne, kuma wanda zai fuskanci ɗan'adam ido da ido lalle ne ya yi atisaye da ɗan'adam, domin ya saba da kallo da katsewa da tambayar da bai zata ba. Tun farko ma mutum ya binciki wace jarrabawa ce makarantar da yake nema take karɓa, da makin da take so, kafin ya kashe ko kwabo.

Daga ƙarshe, ga kiranmu. Ga Hukumar Jami'a: darasin Turanci na shekarar farko, wanda ya wajaba a kan kowane ɗalibi, a ware wani kaso na makinsa ga magana, kowa ya yi jawabi na 'yan mintoci ya amsa tambayoyi, a ɗauki murya a ajiye don mai ƙorafi ya sami abin kafa hujja. In malamai sun yi kaɗan, a horar da ɗaliban babban digiri na Sashen Turanci su taimaka, a biya su. Ɗakin koyon harsuna kuma, duk inda ƙura ta rufe shi, a share a buɗe. Ga WAEC da NECO: in ba za a iya sauraron kowa a rana ɗaya ba, a sa magana cikin makin da makarantu suke tarawa a tsawon shekara, a riƙa zaɓen wasu muryoyi ana bincika don hana son kai. Ga Ƙungiyar Ɗalibai: a farfaɗo da ƙungiyoyin muhawara a kowane ɗakin kwana, da Turanci da Hausa, domin wanda ya iya jera hujja da harshen uwarsa ya yi rabin tafiya a kowane harshe. A kuma tabbata 'yan'uwanmu mata sun sami fili daidai da na maza, kada zaure ya zama na masu ƙarfin murya kaɗai.

Ga ƙananan ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan mujalla, kada ku ce wannan hidimar masu shirin fita waje ce. Gobe ku ne za ku tsaya gaban kwamitin ƙarin girma, ku ne za ku kare kasafin ma'aikatarku, ku ne za ku yi wa baƙi bayanin rijiyar da ƙauyenku yake buƙata. Sau nawa mai gaskiya ya rasa haƙƙin jama'arsa a teburin taro saboda wanda ya fi shi baki ya rinjaye shi? Mu kuma ɗalibai, mu daina yi wa juna dariya idan wani ya yi tuntuɓen harshe, domin dariyar nan ita ce ta rufe bakin da yawa daga cikinmu tun muna aji ɗaya na sakandare. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda yake da niyyar zama jarrabawa a bana, ya nemi abokai biyu da agogo tun a makon nan, ya buɗe baki a saurare shi.